Koren Bara

"Ba zan biya ba, Mak."

Mahaifiyata ta tsaya da yadin a hannu a tsakiyar wani shago a garin Kuala Kangsar. Ruwan toka ne mai ƙyalli, launin da ta zaɓa mana na ankon ƙaramar Sallah, mu tara a gidan.

"Izzati, ciro katin bashin nan ki sallami bawan Allah, kada ki kunyata ni. Ba ke kika ce tsohon katin ya koma wayam ba?"

Wayam yake kuwa, ba sauran bashi a kansa. Sallah uku a jere da shi na ɗinka wa gidanmu anko, har bashin ya kai ringgit dubu tara da ɗari shida. In na biya a ƙarshen wata, kafin in juya kuɗin ruwa ya sake tsirowa. Sai na zauna da biro da takarda, na kwashe bashin kaf na mayar da shi kan katin wani banki da ya yarda ba ruwa har wata goma sha biyu. Ɗari takwas duk wata. In na tsallake ko ɗaya, ruwa ya dawo.

Wata bakwai ke nan ina kai. Shinkafa da soyayyen ƙwai nake ƙullawa in tafi ofis, abokan aiki su fita cin rana in ce musu na ƙoshi. Takalmina sau biyu yana zuwa wurin gyara.

Mak Ngah, ƙanwar mahaifiyata, ta kwashe da dariya. "Oho, boko! An yi digiri, yanzu uwa ma sai an buga mata lissafi. Ke 'yar nan, bashin ba kin kai shi wani gida ba?"

"Kai shi na yi, Mak Ngah, ban binne shi ba. In na sake cika wannan katin, biyu zan goya."

Mak ta ajiye yadin a hankali, ta fita. Daga baya ta sayi mai araha da kuɗin adashinta, na mutum takwas.

Ran Sallah da safe na sa koren ankon bara, na goge shi tas, na fito kaina a sama. Da muka jeru neman gafara, na durƙusa na sumbaci hannun Mak. Ta bar mini hannun kawai. Wajen ɗaukar hoto Mak Ngah ta ce, "Mai kore, matsa gefe, kina ɓata layi." Na matsa, na yi murmushina.

Da wata na goma sha biyu ya cika na biya ɗari takwas ɗin ƙarshe, ko sisi na ruwa ban ba su ba. Na sa almakashi na yanka katunan biyu.

Hoton yana rataye a falon Mak, mutum takwas ruwan toka, ɗaya kore a ƙarshen layi. Wata biyar Mak ba ta kira ni a waya ba, kuma har yau ba ta ce ta yafe ba. Abin da ya ci mini ke nan.