Tafi Biyu na Alkama

Gwamnatin Paraguay ce ta kira su Aganeta daga Rasha, manoma ne da addininsu ya hana su shiga soja. Ta ce ga ƙasa nan a yankin Chaco, su zo su cika ta, ba mai ɗaukar 'ya'yansu soja. Tun a jirgin ruwa Aganeta ta raya a ranta cewa ruwa ba ya tsami banza. Ilai kuwa, dajin ƙaya suka tarar, rijiyar da aka haƙa duk ruwan gishiri.

Abin da suka tsira da shi daga gida buhun irin alkama ne guda, mijinta Isbrand da shi yake matashin kai. 'Yarsu Leena kuwa cikinta ya ƙi garin dawar da ake rabawa. Kullum gudawa, har ta koma ƙashi da fata.

"Baban Leena, ka ba ni ko tafi biyu in dama mata kunu," in ji Aganeta.

"Ke, a gidan wa kika ga an ci iri? Yi haƙuri, Afrilu ya kusa. In ta nuna, sai Leena ta ture burodi da ƙafa."

Kakanninsa a Afrilu suke shuka, da zarar ƙanƙara ta narke. Mutum ne mai shegen taurin kai, ko sama bai ɗaga ido ya duba ba. A nan kuwa shekara a juye take, Afrilu ne ruwa ke ɗaukewa. Ya binne buhun kaf a busasshiyar ƙasa, ko ƙwaya ba ta tsiro ba.

Da jikin Leena ya yi tsanani, Aganeta ta shiga gonar tana tono da farce har ta haɗa tafi biyu. Kafin ta dawo, yarinyar ta daina haɗiya. Bayan an binne ta, uwar ta watsa ƙwayoyin a kan kabarin. Kowace safiya takan zuba masa rabonta na ruwan sha, zuciyarta cike da tsanar mijinta.

Wata rana Isbrand ya zo ya ga tsiro kore shar. Ya durƙusa, ya miƙa hannu zai taɓa.

"Aganeta, ta fito! Ki bari ta nuna, mu sami iri."

Ta kama hannun ta janye.

"Kada ka taɓa. Tafi biyun da na roƙe ka ne, nata ne."