Ƙafar Mathurin

Ni kafinta ne. Da wannan sana'a na shiga jirgin Kyaftin Duhamel a tsibirin Tortuga, don na ji an ce a jirgin 'yan fashin teku kafinta ba ya fita faɗa, yana can ƙasa yana toshe huda. Ba wanda ya gaya mini cewa in likita ya mutu, mai zarto ake nema.

Namu likitan kuwa zazzaɓi ya kashe shi tun kafin mu tare wani jirgin Sifaniyawa. A faɗan ne tsagin katako ya shige ƙaurin Mathurin, mai harba mana igwa. Ya ɗaure da tsumma ya ce ba komai. Da ƙafar ta yi baƙi har aka daina cin abinci kusa da shi, kyaftin ya kira ni ya ce in wasa kayan aikina. Na ce ni itace na sani. Ya ce ƙashi ma itace ne, sai dai mai shi yana ihu.

Mathurin yana da abokin rantsuwa, Corentin, irin abotar da ake ƙullawa a tsibirin: ci tare, fashi tare, in an kashe ɗaya ɗayan ya rama. Corentin ya jawo ganga ya zauna daura da teburin da aka kwantar da Mathurin, ya ɗora ƙaramar bindiga a cinya.

"Baba kafinta, yi aikinka a natse," in ji shi. "In ya tafi, kai za ka raka shi."

Aka ɗura wa Mathurin giyar rake, ƙarti suka danne shi. Kafin a cusa masa fata a baki ya dube ni.

"Barnabé, kai da ko benci ba ka taɓa yankewa daidai ba."

Ban musa ba. Jirgi yana tangaɗi, na ɗora zarto. Zarton ya ci nama ba gardama, da ya kai ƙashi sai ya fara wata ƙara da har yau nake ji a haƙorana. Jini ya hana ni ganin inda nake bi. Na zaro gatarin da aka gasa a wuta na manna a dungulmin, na bi da kwalta. Mathurin ya daina motsi. Na ji Corentin ya ɗana kunamar bindiga. Ban waiwaya ba, idona na kan ƙirjin mutumin, har ya ɗaga kaɗan.

Zazzaɓi ya biyo baya. Kwana da kwanaki ina tsugune a gefen Mathurin, ina yi masa addu'ar da ban taɓa yi wa uwata ba. Corentin ne ke kawo mini abinci, wai kada in riga abokinsa mutuwa. Duk sanda numfashin Mathurin ya tsaya, nawa ma tsayawa yake yi.

Wata safiya Mathurin ya buɗe ido ya nemi ƙyafaffen naman alade. Ya ɗaga bargo, ya daɗe yana kallo, ya ce a karkace na yanke. Corentin ya soke bindiga a ɗamara, ya dafa kafaɗata.

Da rana aka taru a saman jirgi, aka ɗaga hannu, aka naɗa ni likita. Ni kaɗai na ƙi. Ba a watse ba mai gadi ya hango jirgi daga kudu, kyaftin ya ce a ɗura igwa. Na sauka ƙasa na sa gatari a wuta, ina jin takun ƙafafun mutanenmu a bisa kaina, kowa da abokin rantsuwarsa.