Sauran Shan Ruwa

Famfon kicin ne ya fara ɗiga. Hafsatu ta ɗaura masa tsumma ya ƙi, ta tara masa kwano ya cika. Mijinta Sanusi, wanda ya kawo ta garin Greensboro na ƙasar Turawa yana neman digirinsa na uku a kan noman rani, ya tsaya ya ƙare wa famfon kallo, ya ce shi fa ruwan gona ya karanta. Ya buga wa ofishin masu gida waya, ya saɓi jakarsa ya tafi makaranta.

Aka turo Baba Rai. Sunansa na gaskiya Ray Teague, amma Hausawan da ke rukunin gidajen nan na High Point Road, waɗanda duka-duka gida huɗu ne, sun mayar da shi Baba Rai, don abin da bakinsu ya iya ke nan. Bature ne dogo, ya haura sittin, ya ɗan ranƙwafa. Shi ne mai gyaran famfo da wuta da yankan ciyawa. Ban da gaisuwa ba wanda ya taɓa jin wata magana daga bakinsa, kuma in dai don fara'a ce, da wani sunan aka sa masa.

Ya durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya yi abin da zai yi. Da ya gama ya murɗa famfon, ya cika kofi ya ɗaga ya duba. Sannan ya miƙa mata, ya ce da Hausa, tiryan-tiryan:

"Kana da sauran shan ruwa."

Hafsatu ta karɓi kofin tana kallon sa. Maganar nan ai wanda ya tsallake mutuwa ake faɗa wa, wanda mota ta kife da shi ya fito da ƙafarsa, ko wanda aka fid da rai da shi ya tashi. Kuma ga ta nan ta fito daga bakin tsohon Bature, da irin karin Kanawan da, irin na kakanta da ke zama a ƙofar gida a Fagge. Shekara uku rabon ta da gida. Sai ta ji kicin ɗin ya yi mata ƙanshin hayaƙin magariba, hawaye ya cika mata ido.

"Baba, ina ka ji Hausa?" ta tambaye shi, sannan ta maimaita da ɗan Turancinta na aji uku da na talabijin.

"Kano," in ji shi. "Lokacin yaƙi." Ya kwashi kayan aikinsa ya fita.

Hafsatu ba ta bar Sanusi ya sha ruwa ba ranar sai da ya yi alkawarin gayyato mutumin. Ran Asabar ta buɗe ƙullin kukar da take ta lallaɓawa tun bara, ta tuƙa tuwo da garin masarar kanti. Baba Rai ya zo da farar riga a goge, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo asibiti. Ya ci loma biyu da cokali, sai ya ajiye cokalin ya sa hannu.

Ita Kano take so ya ba ta. Ya ba ta ɗan abin da ke gare shi: jar ganuwa daga sama, ungulaye a kan rumfunan mahauta, sautin daka da sassafe, da ruwan sama mai zuwa da iska har sai rufin kwano ya yi kamar zai tashi. Ta riƙa cewa "Haka ne, wallahi haka ne," kamar ya kawo mata saƙo daga gida. Sannan ya shiga nasa labarin a hankali, Sanusi yana fassara mata inda Turancin ya fi ƙarfinta.

Su goma ne a jirginsu, jirgin yaƙi mai inji huɗu, mai jefa bom. Sun zana hoton alfadari a hancinsa, suna kiran sa Alfadari, saboda taurin kansa wajen tashi. Shi Ray shi ne mai bindigar da ke can wutsiya, yana zaune yana kallon inda aka baro. A 1943 suka ƙetaro teku za su Libiya, suka sauka Kano shan mai. A nan zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi. Matuƙinsu, Kyaftin Pruitt, ya zo bakin gadonsa ya ja masa yatsan ƙafa ya ce ya yi maza ya warke, za su ajiye masa kujerarsa. Ya ji tashin su ta taga. Ya ce har yau zai iya gane kukan injinan nan a cikin dubu.

A Libiya aka ba su wani yaro ya zauna a wutsiyar kafin Ray ya iso. Sunansa Eddie, shekararsa sha tara. Ray bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Zazzaɓin ya ƙi sakin sa. Yana nan kwance wani matuƙi da ke komawa gida ya sauka Kano, ya nemi gadonsa ya ba shi labari, don a kan idonsa aka yi. Sun je kai hari wata tashar jiragen ruwa, jirage da yawa a jere, fiffike kusa da fiffike. Kafin su kai, harsashi ya sami Alfadari a ciki, wuta ta kama kusa da inda bom yake. Da Kyaftin ya tsaya a jere ya ba mutanensa lokacin dira da lema, da wataƙila wasunsu sun tsira, amma in jirgin ya fashe a wurin sai ya tafi da na dama da na hagu. Sai ya karkata shi ya fice daga jere, ya yi ƙasa wajen teku shi kaɗai. Matuƙin da ya kawo labarin ya ce ana jin muryar Kyaftin a rediyo yana cewa sauran su ci gaba, kada kowa ya biyo shi. Ya kuma ce jiragen abokan gaba biyu sun bi su, kuma bindigar wutsiya ba ta daina harbi ba har jirgin ya fashe.

"Kujerata ce," in ji Baba Rai. Wannan kam Hafsatu ba ta jira fassara ba.

Akwai wani ma'aikacin asibitin, dattijo, sunansa Iliyasu, shi ke juya shi yana ba shi magani. Yana tsaye aka ba da labarin, ya kuma gane daga fuskoki. Da matuƙin ya fita sai ya zo da kofi ya tsaya a kan Ray ya faɗi maganar nan ta sauran shan ruwa, ya sake faɗa, ya kuma sakewa. Ray ya tambayi wani jami'in Ingilishi da ya koyi Hausa a littafi, jami'in ya ce masa ai cewa yake ruwansa bai ƙare ba, ya shanye. Mutum goma sun mutu, kuma abin da aka samu a ce masa ke nan. Ya juya fuskarsa bango. Iliyasu ya daɗe a tsaye da kofin kafin ya fita.

"Haba!" Sanusi ya yi dariya, irin ta wanda ya san amsa. Ya juya harshe zuwa Turanci. "Ba haka ba ne, Mista Teague. Salon magana ne kawai. Yana nufin ka yi sa'a. *You were lucky*, shi ke nan."

Baba Rai ya dubi hannunsa. Ya goge shi da tsumma yatsa-yatsa. Ya ce haka uwar Eddie ma ta ce masa lokacin da ya je gaishe ta bayan yaƙi, ta ce ya yi sa'a, ta rufe ƙofa. Ya yi godiyar abinci ya tafi.

"Me na ce kuma?" in ji Sanusi. "Ai *correct translation* ke nan."

"Malam, ba sa'a ba ce."

"To mece ce?"

Ta san abin sarai, kamar yadda ta san hanyar gidansu, amma ba ta taɓa faɗar sa ba ko da Hausa, balle da Turancin da ba ya kai ta ko'ina sai kanti. Haushi ya kama ta, na Sanusi da saurin bakinsa, da na kanta. Shekara arba'in saƙon wani dattijon Kano yana hanya, ya iso har cikin falonta, aka sake ɓatar da shi a kan tuwonta.

Daga ranar in abu ya lalace wani saurayi ake turowa. Takan hango Baba Rai ta taga yana tura injin yankan ciyawa. A nan ta lura da abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Ita in jirgi ya wuce sama takan ɗaga kai ta bi shi da ido har ya ɓace, tana raya cewa wata rana da ita a ciki, don a Fagge ma haka suke wucewa ta saman tsakar gidansu. Shi kuwa in jirgi ya wuce sai ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai yana saurare, sai ƙarar ta mutu sannan ya ci gaba.

Ta yi ta juya maganar. Tana yi wa baƙaƙen matan unguwar kitso tana gwada musu, su ce mata ai "lucky" ɗin ne, ko "blessed". Ta duba ƙamus ɗin Sanusi, ba ta sami komai ba sai ciwon kai. Daga ƙarshe ta bar neman kalma.

Wata ranar Agusta, rana ta take, zafin garin nan mai ɗanko ya sa ko tsuntsu ba ya motsi. Ta hango shi zaune a inuwar bayan ɗakin wanki, ya cire hula. Ta ɗauki faranti ta ɗora jug na ruwan sanyi da kofi biyu, ta yafa gyale ta sauka.

"Sannu da aiki, Baba."

"Sannu," ya amsa, yana shirin tashi.

Ta durƙusa ta ajiye farantin a kan ciyawa tsakaninsu. Ta ɗauki jug ta zuba ruwa kaɗan a kofi ɗaya, bai kai rabin rabi ba.

"Eddie," ta ce.

Ta cika ɗaya kofin har baki. "Kai."

Ya koma ya zauna. Ta ɗaga kofin Eddie ta juye a ciyawa, ƙasa ta shanye nan take. Sannan ta harhaɗa Turancinta, kalma na tuntuɓe da kalma, hannu na ƙarasa abin da baki ya kasa. Ta ce a garinsu an yarda kowane mutum da ruwansa da aka auna masa tun kafin ya zo. In ya shanye ya tafi, ko a gado ko a sama. Ta nuna masa jug ɗin, ta nuna cikakken kofin, ta nuna wanda ba komai, ta girgiza kai.

"Daga nan aka zuba maka," ta ce, hannunta a kan jug. "Ba daga nasa ba. Ko ɗigo ɗaya ba nasa ba ne. Iliyasu bai ce ka yi sa'a ba, Baba. Cewa ya yi wannan naka ne. Gaisuwar mutuwa ya yi maka, irin tamu."

Baba Rai ya daɗe yana kallon kofin da ba komai. Ya ɗauke shi ya juya shi a tafin hannunsa.

"Ya yi kaɗan," ya ce. "Na yaron nan ya yi kaɗan."

"Ya yi kaɗan," in ji Hafsatu. Ba ta yi masa musu ba, don ita ma haka ta gani.

"Da na Kyaftin. Yana da 'ya da bai taɓa gani ba."

Sai ya shiga kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da garin kowa, da wanda ke waƙa ba murya, da wanda ke tsoron kare amma ba ya tsoron harsashi. Hawaye na bin kwarin fuskarsa bai share ba. Ya ce har yanzu wani lokaci in ya ji injin daga nesa sai ya ga kamar sun dawo ɗaukar sa. Hafsatu ta zauna a ciyawa tana jin sa, tana kuka ita ma, rabi don samarin nan goma da ba ta sani ba, rabi don garin da ya bar su suka tashi.

Jirgi ya taso daga yamma. Ta ɗaga kai, shi ya sunkuyar, har ƙarar ta wuce.

"Iliyasu ya daɗe a tsaye ranar," in ji shi. "Ina jin numfashinsa a bayana. Ban juyo ba."

Hafsatu ta ɗauki cikakken kofin da hannu biyu ta miƙa masa. Ya karɓa. Ya kafa kai ya sha, maƙogwaronsa na hawa da sauka, bai sauke ba sai da ya ga gindin kofin.

Ya miƙo mata shi. "In kin koma Kano," ya ce, "ki gaya wa Iliyasu na sha."

Mutumin da yake dattijo tun 1943, a garin da kowace unguwa ke da Iliyasu goma. Ita kanta ba ta san ranar da za ta ga Kano ba. Ta karɓi kofin ta riƙe shi a ƙirjinta.

"To, Baba," ta ce. "Zan gaya masa."