Zaren Hagu

Shekara arba'in Inna Hawwa tana kaɗi da hannun dama, sai hawan jini ya zo a daminar 2003 ya shanye mata shi. Da aka sallamo ta daga asibiti, ɗanta Hamman ya tattara mazari da taskira ya cusa bayan buhunan dawa, wai ta huta. Hutu kuwa ga wadda ba ta saba da shi ba ciwo ne na biyu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Iorhemba, wani masaƙi Batibi da ke Kwandere, wanda ba ya saƙa da zaren kowa sai nata. In ya koma zaren kamfani, shi ke nan, ta zama tsohuwar da ake ajiye wa tuwo kawai.

Ta matsa har aka zaro mata kayanta. Ta ɗaure wa hannun da ya mutu sandar auduga da tsumma, na hagu ya shafa alli ya kama mazari. Wata uku tana fama. Zare ya tsinke, ta ja tsaki ta haɗa. Wani wuri ya fito kamar igiyar guga, wani wuri kamar gashi. Sannu dai ba ta hana zuwa: da ta cika mazari huɗu masu kyau, ta aika wa Iorhemba.

Sai da aka tafi da zaren ta tuna cewa hagu baibai take murza mazari. Murɗin zarenta na dā dama yake bi, wannan kuwa ya juya. Ta kuwa san masaƙa ba sa son a gauraya musu murɗi.

Bayan kwana goma sai ga Iorhemba a kan babur har gidansu a Akurba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya warware wani ƙyalle.

"Mama, wannan zare naka wane iri ne? Na jera shi da tsohon da ya rage, layi ɗaya wannan, layi ɗaya wancan. Duba."

Ta ɗaga ƙyallen a rana. Fari ne fat, ba rini, amma ga ratsi-ratsi nan, ɗaya yana sheƙi ɗaya yana dusashewa.

"Kuskure ne, ɗana. Hannun ne ya juya."

"To Mama, ka ci gaba da kuskuren. Mata biyu sun gani, suna so. Damuwata ɗaya, tsohon ya ƙare. Wa zai yi mini na dama?"

Daɗi ya cika ta. Ta dubi tsakar gida, inda Adawiyya matar Hamman take wanke-wanke. Shekara shida tana gidan, ba ta taɓa riƙe mazari ba.

"Adawiyya, bar kwanukan nan. Goge hannunki ki zo ki zauna nan damana. Aron hannu nake so."