Titin da Ya Bi ta Gidan Alassani Kafinta

Alassani ya baro Sokode yana ɗan shekara ashirin da uku, da zarto da guduma a buhu. Da ya sauka Dapaong, Zango, unguwar baƙi, bai wuce gida goma sha biyar ba, duk rufin ciyawa, bayansu kuma gonakin geron mutanen Moba.

Teburan mahauta ya fara yi. Daga baya ya kafa shinge a kara, filin da makiyaya ke tsayar da shanu ranar kasuwa. Da kwanon rufi ya shigo gari sai ya haɗa da gini, ya rufe masallacin unguwa da katakon maɗaci. Ba shi da yawan magana. In 'yan'uwa sun kira shi rabon fili, igiyar awo yake miƙawa, ya kafa turke, ya tafi. Da mai unguwa ya rasu, dattawa suka ce shi zai riƙe.

Yana shekara ta goma sha tara a kan muƙamin, takarda ta zo daga meri, ofishin magajin gari. Za a fitar da titi daga kara zuwa babbar hanya, don manyan motoci su daina ratsa kasuwa. An bar wa unguwa ta nuna inda zai bi. Alassani ya yi kwana biyu yana awo. Turke na ƙarshe a tsakar gidansa ya kafa shi.

Tijjani, sarkin fawa kuma tsohon abokinsa, ya same shi a zaure.

"Mai unguwa, in ka ɗan karkata shi, ai ta bayan gidan Wahab zai wuce."

"Akwai rijiya a can. Gida takwas ke sha."

"To, naka fa?"

"Ni na gina shi. Na san yadda zan kwance."

Matarsa Salamatu ba ta ji labari ba sai da ta ga turken kusa da murhunta. Ta ce, "Malam, a ɗakin nan na haifi 'ya'ya biyar. Ko shawara ba ka yi da ni ba."

Ya ce, "Ban yi ba."

 Ran Laraba ta ɗaure kayanta ta tafi Sokode wurin 'yarsu Khairiya.

Kwana tara ya yi yana sauke rufi. Kowace ƙusa ya zare sai ya miƙe ta ya jefa a gwangwani. Abin da ya rage masa zaure ne da ɗaki ɗaya. Wasu a unguwa suka yaba, wasu suka ce taurin kai ne na tsufa. Titi dai ya wuce.

Shekara biyu ya yi shi kaɗai a ɗakin, sannan ya mayar wa dattawa muƙaminsu ya bi Salamatu. Ta kawo masa ruwa, ta tambayi hanya, ba ta tayar da maganar gidan ba. A tsakar gidan Khairiya ya riƙa yi wa maƙwabta ƙananan kujeru, har ya rasu da damina.

Mutum shida suka zo ta'aziyya daga Dapaong. Bayan addu'a Salamatu ta tambayi Tijjani ko ɗakin da titi ya bari yana nan.

Ya ce, "Yana nan, Hajiya. Wani mai facin taya ne a ciki."