Ba-jira da Irin Albasar Barau

Maharazu bai taɓa mallakar mota ba, ko ta langa-langa irin ta yara. Abin hawansa wani tsohon keke ne da ake jin ƙararsa tun kafin a hango shi. Amma a majalisar gindin darbejiya ta bakin titin Kura, duk sabuwar motar da ta shigo, shi ne mai raɗa mata suna. Bature ya sa nasa can, wannan ruwansa. Abin da Maharazu ya faɗa shi ke bin bakin direbobi. Allah ya ba shi baki, kuma ya san an ba shi, nan gizo ke saƙar.

Ran nan da safe maƙwabcinsa na gona, Barau, ya same shi a bakin kanal. Barau dattijo ne, Kirista, tsohon aminin mahaifin Maharazu. Tun zamanin iyaye gonakin biyu ke jingine da juna, in ɗaya ya yi tafiya ɗaya ke duba masa ruwa.

"Ɗana, Innarku Salama ta kwana da zazzaɓi, zan kai ta asibiti Kano," in ji Barau. "Ga tiyo nan na ɗora yana zuƙo ruwa zuwa fangalin albasa. Kafin rana ta yi tsaka ka zare mini shi. Jiya na yafa irin, kuma shi ke nan gare ni, wanda na adana tun bara. In ruwa ya tumbatsa, ya kwashe shi."

"Haba Baba, wannan har sai ka roƙa? Je ka abinka. Allah ya ba Inna lafiya."

Da gaske yake yi, kada a zalunce shi. Ya gama cirar da yake yi, ya ga rana da saura, ya ce bari ya leƙa titi ya sha koko ya dawo.

Ashe Taufiq ya sauka. Taufiq direba ne mai kai tumatir Legas, kuma ya zo da wata mujallar Turawa da ya saya a can. Mutane sun yi mata rumfa da kawunansu. A tsakiyarta ga hoton wata mota, gajeruwa har cikinta na neman shafar ƙasa, an lulluɓe ta da baƙin ƙyalle, fitila ɗaya kawai ke leƙowa.

"Ba ta fito ba tukuna, sai baɗi," in ji Taufiq. "Kujera biyu ce. Ko sunanta kamfanin ya ɓoye, masu mujallar ma lalube suke yi. Wasu sun ce sunan iska za a sa mata, wasu sun ce na dabba."

"Damisa za su ce," in ji Sammani, wani manomi da ya daɗe yana ƙyashin bakin Maharazu. "Dubi yadda ta lafe."

Maharazu ya yi dariya ya gyara zama. "Damisa ai kwana take yi tana jiran nama. Wannan ta yi maka kama da mai jira?"

Musu ya kaure. Wani ya ce Shaho, wani ya ce Walƙiya, mai shayi ya ce shi dai in ba ta ɗaukar kwandon tumatir ko Sarauniya aka kira ta bai ga amfaninta ba. Maharazu ya ɗaga kai ya ga inuwar darbejiya ta fara tattarewa a gindinta. Ya tuna tiyo. Har ya dafa gwiwa zai miƙe, sai ya ji mutum biyu sun maimaita "Damisa", ya ga Sammani na murmushi. Ya koma ya zauna. Ruwa ai ba gudu yake yi ba.

Sai da aka kira azahar sannan sunan ya faɗo masa. Ya buga cinya ya ce, "Ba-jira! Sunanta Ba-jira!"

Majalisa ta ɗauka da shewa. Taufiq ya rantse sai ya kai sunan har Legas. Daɗi ya cika Maharazu, har ya tsaya ya yi salla a nan, ana ta ba shi hannu. Yana sallamewa ya tuna tiyo, ya zabura ya haye keke.

Keken nan bai taɓa gudu irin na ranar ba, amma aikin gama ya gama. Fangalin ya zama tafki. Ruwa ya karya gefe ya malala cikin lambatu, ya tafi da taki da ƙasar sama da irin Barau gaba ɗaya. Tiyo kuwa yana nan yana aikinsa, shi da ba a saya da hira. Maharazu ya fizge shi, ya durƙusa yana laluben laka da yatsu, wai ko zai tsinto ƙwayar iri baƙa mitsitsiya a cikin taɓo. Kunya ta rufe shi, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Da la'asar sakaliya Barau ya biyo ta majalisa, laka har gwiwa. Maharazu na gefe, ya koma can ne don ya rasa inda zai sa kansa. Aka tambayi jikin Salama, Barau ya ce da sauƙi, an ba ta gado. Sammani ya ce, "Baba, an ce ruwa ya yi maka ɓarna?"

"E. Ɓera ne ya haƙa rami a gefen fangalin," in ji Barau. "Ka san halinsu."

Bai dubi inda Maharazu yake ba. Da ma ya zage shi, da ma ya ɗaga hannu ya mare shi gaban jama'a, da ya fi wa Maharazu sauƙi. Kowa a wurin manomi ne, kowa ya san ɓera bai iya wannan aiki ba.

Washegari Maharazu ya kai masa rabin dashen tumatirinsa. Barau ya karɓa, ya yi godiya, ya sa masa albarka yadda ya saba. Sunan kuwa ya kama kamar wutar kara. Direbobi in sun wuce sai su danna ham su ce, "Sai mai Ba-jira!" Shi kuma ya ɗaga hannu, kansa a ƙasa.

Da sati ya zagayo, Maharazu na gona da safe ya hango Barau ya ɗora tiyo ya nufo shi, da kayan tafiya a jikinsa. Ya yar da fartanya ya miƙe, amsar tana bakinsa tun kafin a tambaya.

"Sannu da aiki, ɗana. Yau zan ɗauko Salama."

"Madalla, Baba. In akwai abin da..."

"Babu komai. Yi aikinka."

Barau ya ratsa ta gefensa, ya tsallake lambatu, ya taka har gona ta uku. Maharazu na tsaye ya ji muryarsa sarai: "Sammani, don Allah kafin rana ta yi tsaka ka zare mini tiyon can."