Gadar da Ta Ƙi Rufuwa

Jirgin ƙasa na ƙarfe sha biyu saura kwata ya bar tashar Sable Cove a kan lokaci, amma bai yi tafiyar minti uku ba ya tsaya cak. Zulmira Tavares ta leƙa ta taga. Gadar ƙarfen da ke kan kogi a buɗe take, an juya tsakiyarta gefe, ga wani jirgin kamun ƙaguwa mai shuɗin fenti yana ratsawa a hankali zuwa teku. Ba ta buƙatar karanta sunan da ke jikinsa. Ita ta zaɓi fentin da kanta. Jirgin mijinta ne, Firmino.

Ƙarfe biyu da rabi ake jiranta a Boston, za ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa. Shekara goma sha ɗaya tana feɗe kifi a masana'antar bakin ruwa tana jiran wannan rana, domin sai ta zama 'yar ƙasa doka za ta ba ta damar neman a kawo mata mahaifiyarta daga mahaifarsu, tsibirin Brava. Tsohuwar ta haura saba'in da takwas, ƙafafunta sun fara kumbura. Wanda ya rasa ranar rantsuwarsa sai ya koma layi, wani lokacin na watanni.

Kowa a garin ya san halin gadar nan. Idan zafin Agusta ya yi tsanani ƙarfenta yakan kumbura, in aka buɗe ta da tsakar rana sai ta ƙi komawa mazauninta, har sai 'yan kwana-kwana sun zo sun yi ta fesa mata ruwa. Mai tsaron gadar ba shi da ikon hana jirgin ruwan da ya busa masa ƙaho. Shi ya sa masunta suka yi wa kansu ƙa'ida tun zamanin iyayensu: ranar zafi ba a neman gada daga hantsi har rana ta karkata. Ko ka fita da sassafe, ko ka haƙura. Firmino a cikin wannan ƙa'ida ya tsufa.

Jiya da yamma ta roƙe shi ya bar teku ya raka ta. Ya ce injinsa ya hana shi fita kwana huɗu, tarkunansa na can ƙaguwa na cin junansu, kuma bakin kogin ba ya fituwa sai ruwa ya cika, cikar ta yau kuwa da tsakar rana take. Ta haɗiye wannan. Abu ɗaya ta nema, ya bari jirginta ya wuce kafin ya taɓa ƙaho. Ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari.

Gadar ta fara juyowa, ta zo saura kamar taku ɗaya, ta yi wata ƙara, ta tsaya. Ta koma baya, ta sake gwadawa. Ta sake tsayawa.

Wani mutum mai kwat a kujerar gaba ya tambayi wane sakarai ne ya nemi gada a wannan zafi. Wata tsohuwa ta ce ai ko baƙon da ya zo wankan teku jiya ya fi haka hankali. Zulmira ta riƙe ambulan ɗin takardunta da hannu biyu har gefensa ya lanƙwashe.

Bayan minti ashirin jirgin ya koma da baya zuwa tasha. Kwandasta, Gail Dunleavy, wata doguwar mace mai furfura da ta shekara ashirin a wannan layi, ta bi tarago-tarago tana bayani: an kira 'yan kwana-kwana, an kuma nemi motocin bas, amma kada kowa ya sa rai kafin awa ɗaya da rabi. Gadar mota tana can sama da nisa, hanyar kuma cike take da masu zuwa bakin teku.

Da ta iso wurin Zulmira ta dubi farar rigarta da takalmin coci, ta tsaya. Ta san ranar, don Zulmira ta gaya mata tun makon jiya.

"Na ga jirgin ruwan da ya wuce, na kuma san mai shi," in ji Gail da murya ƙasa-ƙasa. "Ba zan faɗa wa kowa ba, 'yar'uwa, kada su jefa ki a kogi."

"Ki faɗa. Ni zan fara jefa shi."

Gail ta sunkuyo. Ta ce jirgin ƙasan da ya taso daga Boston shi ma ya maƙale a tashar Tilden, can tsallaken kogi, kuma in gada ta yi irin wannan taurin kai ba a barinsa zaune, juya shi ake yi ya koma Boston. Ƙarfe ɗaya saura minti goma zai tashi. Ta mota ba za a kai ba. Ta ruwa kuwa minti biyar ne. Ta ce za ta yi wa abokin aikinta magana ta rediyo, amma ba zai iya riƙe jirgi fiye da minti biyu ba.

Zulmira ta sauka, ta nufi mashigin da masunta ke ɗaure jiragensu a ƙasan gada tana kiran wayar Firmino. Sau uku tana ƙara ba a ɗauka ba. A na huɗu ya ɗauka, ƙarar inji na cika kunnenta.

"Mira, kin kusa Boston?"

"Waiwaya ka dubi gadarka."

Sai ya fara bayani, wai ya duba agogo ya ga akwai sauran minti goma sha biyu, wai ya ɗauka gadar za ta rufu kafin jirgin ƙasan ya iso, wai ruwa ya fara janyewa. Ta bar shi ya gama, kamar yadda take barin sababbin ma'aikata su gama kare kansu idan sun ɓata kifi.

"Firmino, uwata ce ta raini 'ya'yanka biyu shekara shida muna nan muna neman takarda. Yau ka auna ta da kwandon ƙaguwa, ƙaguwa ta fi nauyi. Ka juyo da jirgin nan yanzu. In ka fita bakin kogin nan, ka nemi wurin kwana a cikin tarkunanka."

Ya ce in ya juyo ya rasa cikar ruwan, sai gobe. Ta kashe wayar.

Ta tsaya a kan katakon mashigin, rana na dukan kanta, tana kallon shuɗin ɗigon can nesa. Ya ci gaba da tafiya har ta fara lissafin abin da za ta gaya wa mahaifiyarta ranar Lahadi. Sannan ɗigon ya karkata, ya yi da'ira, ya fuskanto gari.

Da ya iso ya miƙo mata hannu, ta ƙi kamawa. Ta cire takalmanta, ta sa ambulan a baki, ta sauka tsanin da kanta. Ya shimfiɗa mata rigar ruwansa a kan akwatin koton da yake zuba wa tarkuna, ta ƙi zama. A tsaye ta tsallaka kogin, ruwan kifi na jiƙa mata safa, warin ruɓaɓɓen koto na shiga farar rigar da ta goge tun shekaranjiya. Daga kan gada wani ɗan kwana-kwana da ya san shi ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da aiki, kyaftin, gari ya gode!" Firmino bai ɗaga kai ba.

A Tilden ta hau tudun tasha da gudu, takalma a hannu. Jirgin na tsaye, ƙofa ɗaya kawai a buɗe, wani kwandasta mai ƙiba ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa yana duba agogo. Ya tambaye ta ko ita ce matar Gail ta ce a jira. Ta gyaɗa kai, numfashi ya hana ta magana. Ya ce to wancan fa da ke biye da ke? Ta waiwaya. Firmino ne ke haurowa cikin takalmin roba da wandon aiki, ya ɗaure jirginsa a mashigin da ba nasa ba.

Ta shige. Ta sami kujera mai cin mutum biyu, ta zauna a bakin taga, ta ɗora jakarta a ɗayar. Ƙofa ta rufe, jirgi ya motsa. Ɗaya saura minti takwas. In babu wata tsaiko za ta isa da sauran rabin awa.

Firmino ya zo ya tsaya a kanta, ya riƙe ƙarfen kujera. Mutanen kusa suka fara toshe hanci suna komawa gaba. Ya dubi jakar, ya dube ta.

"Mira."

Ta buɗe ambulan, ta fito da takardar rantsuwar, ta shiga karantawa a hankali, layi bayan layi, leɓɓanta na motsi. Jakar ta zauna a kujerarta har Boston, shi kuma a tsaye.